FILIN LITTATTAFAI: Jan Karan Dafi Da Waɗanda Suka Rubuta Labarinsa

Waɗanda suka koma gidajensu Allah Ya zaunar da su, waɗanda kuma har yanzu suke wajen gudun hijira Allah Ya mai da su cikin aminci, amin.

Abin da ya jawo maganar wannan wata, wata tsohuwar gafaka ce. Kwanan baya na je gaida wani dattijo a Mai Wurno, muna cikin taɗi sai ya sa jikansa ya ɗauko masa Alƙur'aninsa na hannu, wanda ya ce kakansa ne ya rato shi tun daga Yamma cikin ayarin da ya biyo bayan yaƙin Burmi na 1903. Maratayin gafakar ya yi baƙi saboda gumi da shekaru, amma da aka ɗaga murfin sai ga fatar ciki ja wur, kamar jiya aka rina ta. Na dubi markub ɗin da ke ƙafata, wanda bara-bara na saye shi yana ƙyalli, ga shi ya riga ya koɗe ya zama kamar bayan tukunya.

Na ce, "Baba, wai da me aka rina wannan fata?"

Ya yi dariya ya ce, "Kai ɗan boko, ashe ba ka san karan dafi ba?"

Ni dai na san sunan, amma jikan nasa, saurayi mai shirin shiga jami'a, ko kalmar bai taɓa ji ba. Da na tambayi dattijon ko su wa ke shuka shi yanzu, sai ya fara ƙirga da yatsu, bai gama hannu ɗaya ba ya tsaya. Wannan ne ya sa da na koma gida na shiga tonon littattafai, in ga wa ya rubuta wani abu a kan wannan ja namu. To, ga abin da na samo.

Da farko, domin yaranmu da suka tashi ba su san shi ba, karan dafi wata irin dawa ce, amma ba don tsabarta ake shuka ta ba. Amfaninta yana cikin ɓawon nan na gindin ganye wanda ya naɗe kara. Idan dawar ta nuna, ɓawon yakan yi ja har ya doshi baƙi. Sai a ɓare shi a shanya, a daka a turmi, a jiƙa garin cikin ruwan kanwa ko ruwan toka. Majemi ya riga ya jeme fatar akuya da bagaruwa, wato garad ɗin nan da ke zube gindin kowace bishiyar sunut a bakin kogi. Sai a shafe fatar da wannan ruwa, a murza, a ɗauraye da ruwan lemun tsami don launin ya buɗe, a shanya a inuwa. Daga nan sai hannun baduku, shi ne zai haɗa jan da rawayar gangamau da baƙin kuloko, ya fitar da gafaka, ko kube, ko titimi, ko laya, ko takalmi. Mata kuma da shi suke rina kaba su yi wa faifai da tabarma ado.

Littafi na farko da na ci karo da maganar a cikinsa shi ne na matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim. Ya shiga Kano a 1851, littafin tafiyarsa kuma ya fito cikin juzu'i biyar a 1857 da 1858. Da ya zo lissafin kayan da Kano ke fitarwa, bayan tufafi da takalma, ya ambaci jajayen fatu da ake rinawa da ruwan da ake samu daga karan dawa, ya ce ana kai su da yawa har Tarabulus. Daga gaɓar tekun arewa ne fatun suke ƙetarawa Turai, shi ya sa da yawansu suka shiga kasuwa da sunan fatar Maroko, alhali kuwa akuyar ta Sakkwato ce ko ta Maraɗi, majemin Bakano ne. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Na biyu ƙaramin littafi ne na wani Bature mai sana'ar yi wa littattafai bango, Douglas Cockerell, wanda ya fito a Ingila a 1901 da suna Bookbinding and the Care of Books, wato yadda ake ɗinke littafi da yadda ake kula da shi. A zamanin, masu ɗakunan karatu na Ingila suna ta kuka a kan cewa bangon fata na sababbin littattafansu yana ruɓewa ya zama gari cikin 'yan shekaru, saboda ruwan guba mai tsami da masana'antu ke sa wa fata wajen jima da rini. Cockerell ya faɗa wa 'yan'uwansa cewa fatar da ya fi samun amfaninta ita ce fatar akuya da ake kawowa daga ƙasar Kwara, ya yabi launinta da ƙarkonta. Ka ji fa, mai karatu. Aikin da ake yi da turmi da bagaruwa da toka a bayan gari, shi ne ya ƙwaci littattafan masu injuna daga ruɓewa. Gafakar dattijon nan tawa shaida ce a kan gaskiyar maganarsa.

Sai kuma likitan nan J. M. Dalziel wanda ya yi aiki a Arewacin Nijeriya. Shi ya tattara sunayen itatuwa da tsirrai da Hausa ya buga a 1916, sannan a 1937 ya fitar da babban littafinsa a kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma. Karan dafi yana ciki da sunansa na Hausa da bayanin aikinsa.

Amma wanda ya fi ba ni mamaki shi ne na huɗu, domin maganar ta dawo gida. A birnin Lids na Ingila an yi wani malamin kimiyyar sinadarai mai suna Arthur George Perkin, wanda ya ƙare rayuwarsa yana binciken launukan da ake samu daga itatuwa. A 1910 ya buga sakamakon binciken da ya yi a kan wata jar dawa da aka aika masa daga nan Sudan. An shaida masa cewa ana rina tabarmi da fatar takalma da ita, kuma ana ce mata sikhtiyan, kalmar da duk mai Larabci ya san tana nufin jemammiyar fatar akuya. Ya tace sinadarin da ke ba da launin, ya raɗa masa suna durasantalin, wato ya haɗa kalmar dura da sunan jan da ake samu daga icen sandal, don ya ga suna kama. Daga baya shi da abokin aikinsa Arthur Everest suka sa bayanin cikin littafinsu The Natural Organic Colouring Matters na 1918, wanda ya daɗe yana zaman madogara ga masu nazarin rini. Ashe tun kafin a gama dam ɗin Sinnar a 1925, tun kafin a yanka hawasha ta farko ta babban aikin Jazira, jar dawar ƙasar nan ta riga ta shiga kwalaben ɗakin gwaji a Turai. Wannan kuma ya nuna mana cewa kakanninmu da suka zo da saninsu na karan dafi sun tarar da mutanen ƙasa su ma suna da irin nasu. Abu ne da ya haɗa mu da maƙwabtanmu, daga Sakkwato har bakin Nilu.

Masu kimiyya na bayan Perkin sun ƙara tsananta bincike, yau sun san ainihin abin. Babban sinadarin sunansa afijeninidin, yana da ɗan'uwa lutiyolinidin. Dangi ɗaya suke da jan da ke cikin zoɓorodo, wato karkade, amma akwai bambanci ƙarami a ginin ƙwayarsu. Jan karkade yana da wani ɗan reshe a gefe guda, ta nan ne zafi da ruwa suke samun ƙofar karya shi, shi ya sa in ka bar karkade ya kwana biyu ko ka tafasa shi da yawa sai ya dusashe. Na karan dafi ba shi da wannan reshe, saboda haka ya fi jure wuta da daɗewa. Haka kuma ba ya son narkewa cikin ruwan sanyi zalla, sai an sa masa abu mai kaifi irin kanwa ko toka sannan ya saki jikinsa. Tsami kuma yakan juya shi daga ja mai duhu zuwa ja mai haske. To, ka ga kanwar majemi da lemun tsaminsa duk suna kan ƙa'ida. Bai san sunan afijeninidin ba, amma hannunsa ya san halinsa sarai.

Wani abin kuma da aka gano wajen ƙarshen shekarun 1980 a Amurka shi ne, dawa tana yin wannan ja ne don kare kanta. Idan cutar fumfuna ta kama ganye, sai tsiron ya tara sinadarin a daidai wurin ya kashe ta. Duk manomin da ya taɓa ganin ɗigon ja a ganyen dawarsa bayan ruwa ya yi yawa, to ya ga wannan yaƙi da idonsa. Ita dai karan dafi Allah Ya hore mata yin sa da yawa ko ba cuta. Binciken da aka buga a 2011 a kan irin da ake nomawa a Jamhuriyar Benin ya tabbatar da cewa yawan sinadarin a ɓawonta ya wuce na tsabar dawa nesa ba kusa ba. A can da shi ake rina cukun Fulani da koko, a Gana kuma shi ne ke ba shinkafa da wake launin nan nata, abincin da har yau suke kira da sunan da ya samo asali daga kalmarmu ta wake. Sai dai in ja kunne a nan: jan da ke cikinsa ba jini ba ne. Mai fama da ƙarancin jini, musamman mace mai ciki, kada ta dogara da jiƙon karan dafi ta ƙi zuwa asibiti.

Wannan ke nan game da littattafan ilmi. Sun gaya mana mene ne abin, amma ba su gaya mana yadda majemi yake ji ba ran da ya ɗaga fata ya ga rinin ya kama, ko abin da ke zuciyar uwar da ta saƙa wa 'yarta jan faifai za ta gidan miji. Wannan aikin masu ƙagaggen labari ne, kuma a nan ne zan kawo littafin da na fi so ku nema.

Marubucinsa Baturke ne, Orhan Pamuk, wanda ya sami kyautar Nobel ta adabi a 2006. Littafin ya fito da Turkanci a 1998, an fassara shi da Larabci da suna Ismi Ahmar, wato Sunana Ja, saboda haka yawancinmu za mu iya karanta shi ba sai mun bi ta Turanci ba. Labarin ya faru ne a Santambul a 1591, cikin masu yi wa littattafan Sarkin Musulmi na Usmaniyya zane da ado. An kashe ɗaya daga cikinsu an jefa a rijiya, ana neman wanda ya yi kisan. Amma ƙarƙashin wannan akwai babbar rigima, wato ko masu zanen za su riƙe hanyar da suka gada daga malamansu na Farisa, ko kuwa za su bi sabon salon Turawan Banis. Kowane babi da mai ba da labarinsa: gawa ta yi magana, kare ya yi, bishiya ta yi, har tsabar kuɗi ta zinariya. Can tsakiya sai marubucin ya ba launin ja kansa baki, ya faɗi yadda aka dako shi daga busassun ƙwari aka tafasa aka tace, da irin wuraren da ya sauka a kan takarda. A cikin babin akwai wasu tsofaffin gwanaye biyu da suka makance, suna gardama a kan yadda za a bayyana ja ga wanda bai taɓa gani ba. Da na zo nan sai na tuna da jikan dattijon nan, domin kusan matsayinsa ke nan game da karan dafi. Sai dai in faɗa wa iyaye, littafin na manya ne, akwai wuraren da bai kamata a miƙa wa yara ba.

Jan ƙwari kuwa shi ma yana da nasa littafin tarihi, A Perfect Red, na Amy Butler Greenfield, wanda ya fito a 2005. Ta ba da labarin wani ɗan ƙwaro da ke rayuwa a jikin wani tsiro mai ƙaya a ƙasar Meziko, wanda sai an tara wajen 70,000 kafin a sami ratali guda na rini. Bayan Sifaniyawa sun ci ƙasar a ƙarni na 16, sai wannan ƙwaro ya zama ɗaya daga cikin manyan dukiyoyin da suke kwasa bayan azurfa, suka yi ta ɓoye asirinsa, 'yan fashin teku suna tare jiragensu dominsa. Mai son ya ga dukkan rinin duniya a wuri guda kuma, sai ya nemi babban kundin Dominique Cardon, Bafaransa, wanda fassararsa ta Turanci ta fito a 2007 da suna Natural Dyes. Jar dawar Afirka tana da gurbinta a ciki.

Duk waɗannan littattafai wuri ɗaya suke ƙarewa, wato ranar da rinin kanti ya fito. Abin mamaki, mahaifin Arthur Perkin ɗin nan, William Perkin, shi ne ya fara haɗa rini daga kwaltar gawayin ƙasa a 1856, yana ɗan shekara 18. A 1868 wasu Jamusawa biyu, Graebe da Liebermann, suka haɗa jan da a da sai daga saiwar fuwa ake samunsa, cikin 'yan shekaru manoman fuwa na Faransa suka watse. Uba ya buɗe ƙofar da ta kashe rinin gargajiya, ɗa kuma ya zauna yana rubuta tarihin abin da ake binnewa. Guguwar da ta ci fuwa ita ce ta iso kan karan dafi, domin garin gwangwani ya fi araha, ya fi sauri, ba ya bukatar gona.

Ba na cewa duk rinin kanti sharri ne, amma araha ba ta ado. Akwai wasu jajayen rini na masana'anta da aka laƙaba wa suna Sudan, ko da yake ba su da wata dangantaka da gonakinmu. An hana sa su a abinci don ana tsoron suna jawo ciwon daji, amma a 2005 sai da aka janye ɗaruruwan kayan abinci daga kantunan Ingila saboda an same su cikin garin barkono. A nan gida kuma kowa ya san ɓarnar baƙin sinadarin da ake haɗawa da lalle don ya yi saurin kamawa, likitocin Khartum sun daɗe suna rubutu a kan waɗanda ya kumbura wa maƙogwaro ya lalata wa ƙoda. Yanzu da masana'antun abinci na duniya suka koma neman launi daga tsirrai, jar dawa tana cikin abin da suke dubawa. Kada mu wayi gari muna sayen abin kakanninmu cikin kwalba da sunan da ba mu iya faɗa.

Abin da ya fi damuna shi ne iri. Sana'a in ta mutu ana iya tayar da ita daga littafi, amma iri in ya ɓace ya tafi ke nan. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya isa Wad Madani a Disambar wannan shekara, kuma ma'ajiyar irin shuka ta ƙasa da ke can ba ta tsira daga ɓarna ba. Allah Ya sa ma'aikatanta sun ceto wani abu, har a Fabrairun 2025 aka kai irin dawa da na gero da wasu amfanin gona na Sudan babban rumbun ajiya na Sibalbad, can cikin ƙanƙarar ƙasar Norwe. Wannan abin godiya ne. Amma irin da tsohuwa take ƙullewa a tsumma ta soke a rufin ɗaki, ba shi da wani rumbu sai ita. Gidaje nawa aka bari a guje, daga ƙauyukan Jazira zuwa Sinja? Damina biyu ko uku in ta wuce ba a shuka ba, tsabar da ta rage sai ta mutu a cikin tsummanta.

Saboda haka ga roƙona guda uku. Na ɗaya, duk wanda yake da irin karan dafi, ko ya san mai shi, to bana a ba shi kunya biyu ko uku a gefen hawasha ko a bayan gida, a kuma raba wa maƙwabta, don abin da ke hannu da yawa ba ya ɓata. Na biyu, 'yan makaranta ku ɗauki littafi da alƙalami ku zauna gaban majema da dukawa da tsofaffin mata masu saƙar faifai. Ku tambayi awon kanwa, da kwana nawa fata take yi cikin bagaruwa, da lokacin da ake ɓare kara, da sunan kowane abu da Hausa da Larabci. Ku haɗa har da malaman allo, su gaya muku yadda ake jiƙa koya da ƙaro a yi jar tawadar wasali, domin ita ma tana bin sawun karan dafi. Ku aiko mana, za mu buga a wannan fili da sunayenku. Na uku kuwa ga masu hikimar ƙaga labari ne. Bajamushe ya rubuta cinikin, Ingilishi ya rubuta sinadarin, Baturke ya ba jan ƙasarsu baki ya yi magana. Labarin wata jar gafaka da ta taso daga Sakkwato a kafaɗar mahajjaci, ta ratsa Barno da Wadai da Darfur, ta zauna a bakin kogi shekara ɗari da ashirin, sannan aka sake ratayarta aka gudu da ita, wannan mu ne za mu rubuta shi, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Da zan tashi, dattijon nan ya mai da Alƙur'aninsa cikin gafaka ya ɗaure, ya ce wa jikan nasa, "Gobe ka je wajen gwaggonka ka tambaye ta ko tana da sauran irin nan." Yaron ya ce to. Ni kuma na yi alkawarin komawa bayan kaka in ga abin da ya fito.

Sai wata mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalam.